Inbata ko taransifoma ga mai gyaran ƙarafan injuna

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya tambayi wane injin walda zai saya tsakanin inbata da taransifoma, tunda gyaran ƙarafan manyan injuna zai sa a gaba, ga amsata a matsayina na wanda ya riƙe duka biyun a shagonsa a nan Damagaram. Ka sayi inbata mai kyau, wadda take ba da amfa (ma'aunin ƙarfin wutar walda) 200 zuwa 250 na gaskiya.

Dalilin yana cikin sandar walda. Mai haɗa ƙofa da taga yana gama aikinsa da sanda mai lamba 6013, wadda kowane inji yake ƙonawa ba gardama, amma wanda ake kawo wa ƙarfen injin niƙa da ya karye, ko bokitin katafila, ko garmar tarakta, dole ne ya koma ga 7018, domin ita ce take jure nauyi da jijjiga ba tare da ɗinkin ya tsage ba. Ita kuwa 7018 ta fi son wutar DC, mai gudana ta fuska ɗaya kamar ta batir, irin wadda inbata take bayarwa. Taransifoma wutar AC take fitarwa, mai kai da komo kamar wutar gida, kuma a kan irin waɗanda ake naɗawa a gida, sandar takan riƙa manne wa ƙarfe, wutar tana kamawa tana ɗaukewa, har mutum ya zargi hannunsa alhali laifin inji ne.

Wata bazara aka kira ni garin Matamaye a kan injin matsar man gyaɗa wanda gidan giyarsa, wato akwatin haƙoran da ke juya shi, ya tsage. Ƙarfen zubi ne, kuma an dasa injin a kan siminti, babu maganar ɗauko shi zuwa gari. Na saka inbata a jaka na rataya a kafaɗa, domin nauyinta bai kai kilo goma ba, na shiga mota kamar mai zuwa cin kasuwa. Da na isa na huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, na goge bakinta ya buɗe, sannan na ɗauki sandar nikel mai kaurin milimita 2.5 na saukar da wuta zuwa wajen amfa 70. Ƙarfen zubi ba ya son gaggawa. Sai ka yi ɗinki kamar tsawon gaɓar yatsa, ka bi shi da ƙaramar guduma yana da zafi, ka jira har tafin hannunka ya iya zama a wurin kafin ka ƙara. Tun da hantsi nake kai har aka kira sallar la'asar, mata suna zaune a inuwa kan buhunan gyaɗarsu suna leƙe, mai injin kuma yana ta zagaya ni yana tambaya ko lafiya na tsaya. Da aka tayar da inji man gyaɗa ya fara zuba, bayan kuɗin aiki sai mai injin ya haɗa ni da jarkar mai da ƙullin ƙuliƙuli, kuma har yau ɗinkin bai motsa ba. Abin da ya sa aikin ya yi shi ne maɓallin da yake ba ni damar tsayar da wuta daidai inda nake so, kuma ta tsaya a nan ba ta yawo.

Taransifoma kuwa, ba zan hana ta haƙƙinta ba, tana da jimiri kuma duk mai naɗin waya yana iya gyara ta. Tawa dai sai mutum biyu suke ɗaga ta, idan na kunna ta fitilun maƙwabta suna rawa, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 kowa ya kunna fanka wuta ta yi rauni, ko sanda mai milimita 3.2 ba ta iya narkarwa yadda ya kamata. Ranar da ta ƙone muka buɗe cikinta, sai ga wayar alminiyam, ni kuwa kuɗin jan ƙarfe na biya.

Wannan ya kawo ni ga 'yan kasuwa, ko da ba ka tambaya ba. Ko a nan za ka saya ko Kano za ka tsallaka, kada lambar da aka rubuta a jiki ta ruɗe ka. Za ka ga ɗan akwati kamar na rediyo an manna masa amfa 400 ko 500, alhali sanda mai milimita 4, wadda take buƙatar amfa 140 zuwa 180 kawai, tana gagararsa. Ka tafi da sandunanka da guntun ƙarfe mai kauri, ka ce a jona maka, ka ƙona uku a jere ka ga ko fitilar zafi za ta kama injin ya tsaya. Wanda ya ce ba a gwadawa sai an biya, ka yi masa sallama. Ka duba allon da ke jiki ko ƙarƙashin injin, inda aka rubuta kashi nawa cikin ɗari: ana ƙirga shi ne a kan minti goma, wato kashi 60 yana nufin aikin minti shida da hutun minti huɗu a wannan ƙarfin wutar. Ka kuma kankare bakin kebul ɗin da wuƙa, domin akwai alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe.

Maƙiyin inbata a garinmu ƙura ce, ta hunturu da ta injin goge ƙarfe, saboda fankarta tana zuƙo garin ƙarfe ya kwanta a kan allon lantarkin da ke ciki. Ka ɗora ta a kan benci a inuwa, nesa da inda tartsatsi yake zuba, kuma kowane mako ka cire ta daga wuta, ka bar ta ta ɗan jima, ka hure cikinta da iska. Idan aikin ƙauye ne, kada ka jona ta da ƙaramin janaretan caji da fitila, ka tambayi girman janaretan wurin tun kafin ka baro gida.