Fire'amfili a zafin Garwa: mai fitila ko mai taransista?

Duk wanda ya fara tara kayan sauti a gida, wata rana zai tsaya a kan fire'amfili, wato akwatin da ke karɓar sauti daga faifai ko kwamfuta, ya daidaita ƙarfinsa kafin ya miƙa wa babban amfili mai tura lasifika. Idan shi ya gurɓata sautin, lasifikar miliyan ba za ta gyara ba.

Mai fitila, wato mai aiki da kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, irin McIntosh C22 ko tsohon Marantz 7 na 1958, akwai daɗin murya. Ka sa faifan goge, sai ka ji har gogar tsirkiya kamar mai kiɗan yana zaune a tabarmarka. Amma fitilun nan, galibi 12AX7, zafi suke fitarwa, ga Garwa a watan Afrilu ta haura digiri 40. Kuma idan ɗaya ta mutu, da wuya ka same ta a kasuwa, sai an aiko daga Duwala ko waje. Ni dai ba na ba kowa shawararsa sai mai ɗaki da na'urar sanyi.

Mai taransista ya fi jure wahala, kuma masu gyaran rediyonmu sun san cikinsa. Shi na zaɓa. Idan aljihu bai kai ba, nemi amfilin da ya haɗa fire'amfili da babban amfili a akwati ɗaya. Misali, NAD 3020 na 1978 wat 20 kacal yake bayarwa kowane gefe, amma har gobe ana nemansa a gwanjo.

Mai faifan garmaho ya duba ko akwai mashigar phono, wato inda ake jona garmaho, kuma ta dace da irin allurarsa: wadda ake kira MM tana ba da kusan milivolt 5, wadda ake kira MC ƙasa da haka nesa.

Kafin ka biya, juya bayan akwatin ka karanta. Wutarmu volt 220 ce, kayan Amurka 120, na Japan 100. Wani abokina ya jona nasa kai tsaye ranar da ya iso; ƙaurin da ya cika falon har yau yana hancina, shi kuma ya zauna shiru riƙe da waya. Ka ware kuɗin na'urar da za ta daidaita wutar da volt ɗin akwatinka tun farko, da mayafin rufe shi lokacin hunturu, don ƙura ce ke sa maɓallin ƙara murya ya riƙa ƙarar-ƙarar.