Maus na zanen gini: MX Master 3S, G502 ko CadMouse?

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ka ce kana wuni a kan manhajojin zane, AutoCAD, wani lokacin Revit, awa takwas zuwa tara, kuma kwana biyun nan da la'asar ta yi sai ka ji ɗan yatsanka manuni da wuyan hannu suna zogi. Kana neman maus da za ka iya ɗora wa maɓallansa umarni, wanda kuma hannu zai sake a kansa. Ka rasa na ɗauka tsakanin Logitech MX Master 3S da G502 Hero, ga shi wani ya ƙara rikita ka da zancen CadMouse na kamfanin 3Dconnexion. Duk ukun na riƙe su na yi aiki da su, don haka bari in jera maka su.

Kafin nan, gobe in ka zauna aiki ka sa wa hannunka ido na minti goma kacal. Za ka ga ba danna hagu ne ke cin ƙarfinka ba, tayar nan ta tsakiya ce. A AutoCAD, duk lokacin da za ka ja zane gefe sai ka danne tayar ka riƙe. Za ka ga zanen gaba ɗaya, ka danna ta sau biyu. Za ka juya gini a Revit, ka haɗa ta da Shift. A SketchUp da SolidWorks ma ita ce mai juya abu. Taya kuwa don mirginawa aka yi ta, danna ta ƙari ne kawai, shi ya sa ta fi sauran maɓallan tauri, kuma yatsa sai ya lanƙwashe kafin ya danne ta ba tare da ta zame ba. Yi hakan sau ɗaruruwa a wuni, ka ga inda zogin la'asar yake fitowa. Ni ma da wani maus mai araha da na taɓa amfani da shi haka na sha, har sai da na koma danne tayar da yatsu biyu. Saboda haka abin da nake fara tambayar kowane maus shi ne: ya ya warware matsalar maɓallin tsakiya?

CadMouse ne kaɗai a cikin ukun da aka ƙera da wannan tambayar a zuciya. A gabansa maɓallai uku ne cikakku a jere, hagu, tsakiya, dama, tayar kuma tana zaune daban tana aikinta na kusantowa da nesantawa. Manuni na kan hagu, yatsan tsakiya na kan na tsakiya, na kusa da ƙaramin yatsa na kan dama. Jan zane ya zama dannawa mai laushi irin ta kullum. Kwanaki uku na farko za ka yi ta danna tsakiya alhali dama kake nufi, har ka ji kamar ka mayar da shi kwalinsa. Bayan mako guda kuma in ka taɓa maus na wani sai ka ji kamar an cire maka yatsa ɗaya. Manhajarsa, 3DxWare, tana gane shirin da ka buɗe, kuma akwai maɓallin da ke fito maka da ɗan zagayen umarni a inda kibiyarka take, ka zaɓa da motsin hannu. Akwai mai waya, akwai mara waya, har da na bahago a samfurin Pro Wireless. Matsalarsa a wurinmu samunsa ne. Ba kayan da za ka shiga Beirut Road a Kano ka tarar a kowane shago ba ne, galibi sai dai a yi odarsa daga waje, in kuma ya samu matsala ba ka da wurin komawa kusa.

MX Master 3S kuwa ɗan ofis ne da ya iya zama da kowa. Ya fito a 2022 a kan dala 100 ba kaɗan. Bayansa tudu ne mai cika tafin hannu, da ɗan faranti inda babban yatsa ke kwanciya, nauyinsa giram 141. A ukun nan, in zancen jin daɗin riƙewa ne zalla, ni shi zan ba, matuƙar hannunka ba ƙarami ba ne kuma ba bahago ba ne kai, don na dama kawai ake yi. Maɓallansa bakwai ne, danna su ba ƙara, ana cajinsa da USB-C, kamfanin ya ce cikakken caji na kai kwana 70, kuma yana haɗuwa da na'ura uku ka riƙa sauyawa da maɓalli ɗaya a ƙasansa. Ga wanda ke tsallakawa daga kwamfutar ofis zuwa laftof ɗinsa na gida, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Akwai kuma ƙaramar taya ta biyu a gefen babban yatsa, wadda ranar da ka buɗe Excel kana haɗa lissafin kayan gini za ka sa mata albarka.

Amma maɓallin tsakiyarsa yana nan a kan taya, taya ce ta ƙarfe, kuma danne ta na son ƙarfi. In ka saya ka bar shi yadda ya zo, zogin nan ba inda zai je. Maganin yana cikin manhajar Logi Options+: ka ɗauke aikin maɓallin tsakiya ka mayar kan ɗaya daga maɓallai biyun da ke gefen babban yatsa, ka keɓe wannan saitin ga AutoCAD da Revit kawai. Ɗayan ka ba shi Esc. Sannan ka hana tayar sakin jiki. Tana da halin in ka murza ta da ƙarfi sai ta kuɓuce ta yi ta gudu, abin da ke da daɗi a doguwar takarda, amma a zane sai ka ga gidan da kake aiki a kai ya koma ɗigo a tsakiyar allo. Ka bar ta a kan mai ƙas-ƙas ɗin nan, mataki-mataki.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi sai sun saya: MX Master ba ya ajiye saitinka a jikinsa, manhajar ce ke riƙe da shi. In ofishinku irin wanda ba a barin ma'aikaci ya saka komai a kwamfuta ne, to duk wannan gyaran da na faɗa ya tashi a banza.

A nan ne G502 Hero ke shigowa. Don 'yan wasan kwamfuta aka yi shi, ga fitilu ga kusurwoyi kamar motar tsere, kada wannan ya sa ka raina shi. Maɓallai 11 gare shi da za ka iya saitawa, kuma yana da ƙwaƙwalwar ajiya a cikinsa: ka saita shi a gida da manhajar G HUB, ka adana a jikin maus ɗin, ka kai ofis ka jona, komai na nan. Mai waya ne, ba caji, ba neman ɗan ƙaramin risiba da ya faɗa ƙasan jaka. Shi ne mafi araha a ukun kuma mafi sauƙin samu. Nauyinsa giram 121, yana zuwa da 'yan ƙarafa biyar masu giram 3.6 kowanne don ƙara nauyi. Ka bar su a kwali, mai ciwon hannu ba ya neman ƙarin kaya. A daidai bakin babban yatsa akwai wani maɓalli da 'yan wasa ke rage gudun kibiya da shi, shi nake mayarwa maɓallin tsakiya. Biyun da ke samansa Esc da Enter. Biyun da ke gefen manuni F8 da F3, wato kulle layi a miƙe da kama kusurwa. Da wannan kaɗai hannun hagunka ya huta da rabin zirga-zirgarsa. Inda ya gaza MX Master shi ne siffa: ya fi siriri kuma ya fi kwanciya, tafin hannu ba ya samun matashi sosai, mai babban hannu zai ji yatsunsa biyu na ƙarshe suna jan tebur.

Kada yawan maɓalli ya ruɗe ka har ka hango irin su Razer Naga masu 12 a gefe guda. Mai zane da ya saba buga gajerun umarnin AutoCAD irin su L, O, TR, CO da hannun hagu ya riga ya fi wannan sauri. Biyar ko shida da hannu ya haddace sun isa. Haka zancen DPI, wato ma'aunin saurin kibiya, da masu shago ke cika baki da shi: G502 ya haura 25,000, MX Master 8,000, CadMouse 7,200, alhali aikin zane bai cika wuce 800 zuwa 1,600 ba, ko da babban allo ne. Duk ukun sun wuce buƙatarka nesa ba kusa ba.

Sai batun wuyan hannu, wanda ya sha bamban da na yatsa. In zogin ya fi yawa a nan, har yana hawa zuwa gwiwar hannu, to duk ukun suna kifa hannu ne a kan tebur, kuma wannan kifawar na iya zama sanadi. Akwai masu tsayuwa, MX Vertical da ƙanensa Lift, da ke karkata hannu digiri 57 kamar za ka yi musabaha. Lift na ƙanana da matsakaitan hannu ne, yana amfani da batir AA guda ɗaya, akwai na bahago. Suna sassauta wuyan hannu, sai dai maɓallansu kaɗan ne, kuma da yake dannawar ta gefe ce, kibiya kan ɗan goce a lokacin da kake son cafke wani ɗigo. A AutoCAD kama kusurwa na rufa asiri. In kuwa abin ya kai ga yatsu suna mutuwa ko suna tsikari da dare, wannan ya wuce sayen maus, ka ga likita.

Da ni ne a kujerarka, ga yadda zan yi. In zane ne abincina safe da yamma kuma ina da wanda zai taho min da shi, CadMouse zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. In rabin wunina zane ne rabi takardu da lissafi, kuma kwamfutar tawa ce, MX Master 3S, da sharaɗin mayar da maɓallin tsakiya gefe tun ranar farko. In kuɗi sun yi wuya ko kwamfutar ofis a kulle take, G502, kuma ba zan ji na yi asara ba.

Ko wanne ka tsayar, ka tafi shago da laftof ɗinka. Jabu sun yi yawa, musamman na G502, kuma kwali ba ya faɗin gaskiya. Ka jona shi a gabansu ka buɗe manhajar kamfanin, in ba ta gane shi da sunansa ba ka ajiye musu kayansu. In ta gane shi, buɗe wani tsohon fulan ka ja shi hagu da dama na minti biyar, ka ji abin da yatsanka zai ce.