Tsalle da naushi a gem ɗaya: wanne za ka zaɓa?

Akwai nau'in gem da samari ke nema a wurin masu tura gem a waya ranar kasuwar Wudil ko Maigatari, sai dai da yawa ba su san sunan da za su ambata ba. Shi ne wanda za ka tsallake rami, ka haye katanga, ka dira tsakiyar abokan gaba ka yi ta rabon naushi har ka isa ga bos. A ƙauye, inda caji sai an kai wa mai sola ko mai janareta, data kuma da lissafi ake kunna ta, kyan hoto ba shi ne abin dubawa na farko ba. Fara da tambayar ko na'urarka za ta ɗauka, kuma ko gem ɗin na tafiya babu intanet.

Mai ƙaramar Itel ko Tecno ya nemi Dan the Man. Kamfanin Halfbrick na Ostareliya ne ya yi shi, masu Fruit Ninja. Kyauta ne, ba ya cika memori, yana tafiya ko babu data. Hotonsa irin na tsofaffin gem ne, amma tsalle da faɗan sun zo daidai wa daida, kuma da kuɗin da kake tsinta a hanya kake ƙara wa jarumin salon duka. Tallace-tallace ne aibinsa. Shi zan fara ba kowane ƙanena.

Dead Cells, na Motion Twin a Faransa, ya fito 2018, ya iso Android 2020. Sayensa ake yi, kuma ba ya wasa da mutum: ka mutu, a mayar da kai farko, hanyoyin ma a sauya musu fasali. Takobi da baka sun fi naushi yawa a ciki. Da yatsa a kan gilashin waya wahala ce zalla, sai da hannun gem mai Bluetooth.

God of War kuwa, wanda ake bugawa ta PPSSPP, manhajar da ke kunna gem ɗin na'urar PSP a waya, kowa ya san shi. Chains of Olympus na 2008 ne, Ghost of Sparta na 2010. Faɗa ne mafi yawa, hawa da tsalle ɗan ƙari ne. Yana shan batir, yana sarƙewa a ƙaramar waya, ga jini da wasu wurare na tsiraici. Na manya ne, kada a bar shi a wayar da yara ke ɗauka.

Mai gidan gem lissafinsa daban, domin gem na mutum ɗaya yana nufin yaro ɗaya ya biya, goma su tsaya kallo. Nan Prince of Persia: The Sands of Time na 2003 ya gaza, duk da gudun kan bango da mayar da lokaci baya da suka sa har yau yake da daɗi a PS2.

In kana da PS4, Guacamelee! 2 na 2018 shi ne zaɓina, kuma mutum huɗu na bugawa lokaci guda. Jarumin, Juan, ɗan kokawar Meziko ne: ya naushi mutum, ya sunkuce shi ya jefi na bayansa da shi, kamar kokawar bayan girbi da aka haɗa da dambe. Abin da ya fifita shi shi ne naushin da kake tashin abokin gaba sama da shi, da shi kuma kake kai wa tudun da tsalle bai isa ba, don haka faɗa da tsalle ba a rabe suke ba. Har kaza yake rikiɗa ya ratsa ƙananan ramuka, yara su yi ta dariya. Sai dai labarin yana shiga duniyar matattu da ƙwarangwal, abin da ba kowane uba zai so ba.

Streets of Rage 4 na 2020 ma yana ɗaukar huɗu, amma kusan duka ne tsantsa a kan titi. Kuma kada zumuɗi ya sa ka goge ƙwallo, ita ke biyan kuɗin mai.

In ka shiga birnin Kano sayen hannun gem na hannu a Farm Centre ko titin Beirut, sa a jona maka shi ka gwada kafin ka biya. Danna maɓallin X sau da yawa a jere, domin shi ne na tsalle, kuma in yana maƙalewa waɗannan gem ba za su bugu ba.