Ƙaramin faifan da na bari wata bakwai a cikin kwali

Wannan sharhi ne akan faifan injin neman zinare, wato wannan farantin dake ƙasan sandar da ake kaɗawa a saman ƙasa, wasu na ce masa faranti wasu koyil, mu dai faifai muke cewa. Injina Gold Monster 1000 ne na kamfanin Minelab na ƙasar Ostareliya, a 2017 suka fito da shi, kuma nawa ya zo da faifai biyu a kwali, babba mai siffar ƙwai inci 10 da 6, sai ɗan ƙarami zagayayye inci 5, kusan santimita 13 kenan, bai fi murfin ƙaramin kwanon miya ba. Ranar da maigidana ya danƙa min injin na ɗaga ƙaramin na juya shi nayi dariya nace wannan ai na wasan yara ne, na maida shi kwali na ɗaura babban, kuma wallahi wata bakwai cur ban sake waiwayarsa ba.

Ba ni kaɗai ke da wannan tunanin ba. Duk wanda ya shiga harkar nan ta ɓangaren Agadas ya san yadda mutane ke ji da babban faifai, tun lokacin da zinaren Jado dake arewacin Nijar ya fashe a 2014 aka riƙa tururuwa daga ko ina, 'yan Nijar da 'yan Chadi da 'yan Sudan da namu na Najeriya, abin da kowa ya riƙe a ka shine babban faifai shi ke zuwa zurfi, zurfi kuma shine kuɗi. Kuma ba ƙarya bane a fili mai tsabta da ba wanda ya taɓa zama. Amma yanzu ina filin yake? duk inda aka taɓa samun wani abu an kafa sansani an zauna an ci an sha an tashi an bar shara, gwangwanin kifi, gwangwanin tumatir, na madara, murfin kwalba, ƙusoshi, guntayen waya, mataccen batir, kwanson harsashi, da wannan takardar mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari wadda ni dai ban san abin da na tsana kamarta ba a duniyar nan. Iska ta zo ta binne su da yashi, kai kuma kazo da injinka kana tafiya akai baka sani ba.

A irin wannan wurin muka sauka, tsohon sansani a gindin wani tudu, wai an kwashi abin kirki a wurin shekarun baya. Kwana uku ina fama da babban faifai. In na bar shi yana jin kowane ƙarfe sai kunnena ya kusa tsagewa, taku ɗaya kuka uku, in na maida shi tsarin da yake ƙin baƙin ƙarfe kuma sai ya koma yana wani guntun kuka yana yankewa kamar mai shaƙuwa, alamar dake kan allon, wadda hagunta baƙin ƙarfe ne damanta kuma ɓangaren zinare, tana tsalle hagu da dama ta rasa inda zata tsaya. Na haƙa rami ya fi ɗari, abin da na tara ya cika rabin buhun siminti, duk tarkace, yatsuna sun sha yanka da bakin gwangwani. Wani abokin tafiyarmu mai wata na'urar neman zinaren da ake kira GPX 4500 da ya ɗaura mata wani ƙaton faifai inci 18 shi nasa ya fi ban tausayi, ya ji wani kuka mai daɗi ya haƙa har gwiwa cikin rana yana ta murmushi yana lissafin mota, ƙarshe gwangwanin sardin ya ciro. Ba laifin injin bane, faifan nasa irin wanda ake kira mono ne, baya tantance baƙin ƙarfe sam, an yi shi ne don zurfi, kuma zurfin ya bashi.

Wani dattijo ɗan Sudan dake kusa da mu, da 'yar Hausarsa tsinci-tsinci, shi ya gaji da kallona yana shan shayi ya kira ni yace ɗana ina ƙaramin? nace Baba yana cikin kwali, yace ɗauko. Sai ya share ƙasa da tafin hannu ya ajiye ƙusa mai tsatsa, ya kwance wani ƙulli a bakin rawaninsa ya fito da ɗan zinare kamar ƙwayar dawa ya ajiye gefen ƙusar, tsakaninsu faɗin yatsu huɗu. Yace wuce da babban. Na wuce, kuka ɗaya na ji, alama ta karkata ɓangaren baƙin ƙarfe, da na sa tsarin ƙin ƙarfe kuma sai ɗan ƙyas na ji wanda da a fili ne ko tsayawa ba zan yi ba. Muka kwance muka ɗaura ƙaramin, yace a hankali, kamar kana shafa kan jariri. Sai ga kuka biyu daban daban, na ƙusa, ɗan shiru, sannan wani siririn kuka mai kaifi alama ta harba dama. Na maimaita ya fi sau goma ina kallon ƙasar kamar wanda aka yiwa rufa ido. Gani ya kori ji, raina kama ka ga gayya.

Abin da ke faruwa ba wani sihiri bane, inji baya ganin abu ɗaya ɗaya, duk ƙarfen da ya shiga ƙarƙashin faifai a lokaci guda haɗa su yake ya baka amsa ɗaya, kuma ƙusa ta fi ɗan zinaren girma da ƙarfin murya sai ta danne shi. Babban faifai na iya rufe abu uku huɗu a kaɗawa ɗaya, ƙarami kuwa sai ya gama da ɗaya kafin ya kai ga na gaba. Duka faifan biyu nawa irin wanda ake kira DD ne, wayar cikinsu kamar harafin D biyu ne da suka ɗan hau juna, jinsu ya fi ƙarfi a siririn layi dake tsakiya daga gaba zuwa baya kamar kaifin wuƙa, toh a babban wuƙar tsawonta inci 10 a ƙaramin inci 5, kaga abin da zata yanka a lokaci guda ya ragu da rabi. Shi yasa ma in ka ji kuka mai ruɗani yana da kyau ka zagaya ka share ta wata kusurwa, abubuwa biyu da suka jeru akan layin wuƙar in ka juya sai su rabu.

Akwai kuma maganar ƙasa kanta. Wurin namu akwai baƙin yashi da irin duwatsun nan masu sa inji ihu alhali ba komai a cikinsu, injin nan kuma yana aiki akan kilohaz 45 ne, wato saurin bugun siginar da yake aikawa cikin ƙasa, mai kaifin ji sosai akan ƙananan abubuwa, toh ƙaramin faifai tunda ƙasar da yake ɗauka kaɗan ce sai hayaniyar ta ragu, na samu damar ƙara ƙarfin ji sama da yadda nake iya yi da babban. Ga shi yana shiga tsakanin duwatsu da gindin ƙaya da tsagar dutse inda babban sai dai ya tsaya a sama, kuma a harkar ƙananan zinare ko yatsa biyu ka ɗaga faifai daga ƙasa ka yi asarar abin. A hannu ma ba nauyi, kafaɗata ta huta.

A kwana tara da nayi da shi a sansanin na tsinci guda goma sha huɗu, ƙanana ƙanana, babban cikinsu kamar ƙwayar wake, duka da aka ɗora a sikeli giram biyu da ɗan wani abu. Ba kuɗin da zai sa mutum aure bane amma a wurin da mutane da yawa suka bi suka ce ya mutu, kuma uku daga ciki a gefen tsohon murhu na same su cikin toka da ƙusoshin katakon da aka ƙona, inda na tabbata na bi da babban ranar farko.

Sai dai kar wani ya karanta wannan ya je ya jefar da babban faifansa. Ƙaramin baya zuwa zurfi, wannan ba musu, na gwada da kwabo da na binne, inda babban ke ji sarai ƙaramin sai na kankare ƙasa kaɗan sannan ya fara magana. Akan ɗan mitsitsin zinare ne abin yake juyewa, a nan ƙaramin ya fi ji. Sannan ga cin lokaci, subhanallahi, filin da zan gama kafin azahar da babban sai in kwana biyu akansa, dole kowace kaɗawa ta hau rabin ta baya in ba haka ba ka bar layi layi da baka duba ba, kuma dole a hankali, mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Da muka koma buɗaɗɗen fili na gwada yawo da shi rabin yini sai na ji kamar ina sharar kasuwa da buroshin haƙori, na maida babban. Kuma bai raba ni da takardar sigari ba, alminiyom da dalma da ƙaramin zinare duk ɓangare ɗaya suke faɗawa a allo, ba faifan da zai ce maka wannan gwal ne wannan murfin gwangwanin lemo ne, sai ka haƙa. Abin da ya rage min shine haƙar ƙusa da waya, da kuma wuce zinaren da ƙusa ta ɓoye.

Yadda nake yi yanzu in na tarar da wuri mai shara, na fara zana fili kamar faɗin ɗaki da dugadugin takalmi, in bi da manjagara in kwashe manyan gwangwanaye in kai su nesa, ba gefe ba, don gobe kai zaka sake haƙo su. A ƙeyar digata na manna maganaɗisun tsohuwar sifika, in na tona sai in goga shi cikin ƙasar ya tsince guntayen ƙarfe, in kukan ya ɓace na san ba komai, in yana nan sai in riƙa ɗiban ƙasa da cokalin roba ina wucewa da shi ta saman faifan. Zobe da agogo kuwa a aljihu suke zama, na taɓa ɓata kusan rabin awa ina neman abin da ke yatsana. Duk yamma ina cire murfin robar dake ƙasan faifan in kakkaɓe, baƙin yashi na taruwa a ciki ya riƙa sa kukan ƙarya, kuma wayar a naɗe ta da kyau a jikin sanda kar ta riƙa reto.

Wani abu da zan ja kunne akai shine jabu. Ƙanena da ya ga abin da na samu ya je ya sayo wani ƙaramin faifai a hannun wani mai shago a gari, da arha, kwali mai kyau da tambari da komai, ko sati bai yi ba ya fara kuka da an taɓa shi da yatsa, da ya koma mai shagon yace ai shi ya buga shi da dutse. Faifai ba kamar taya bane da zaka ɗaura kowanne, kowane inji da irin nasa, ko bakin wayar ya shiga ba lallai yayi aiki ba, in zaka saya ka je da injinka da ɗan zinarenka ko guntun dalma da ƙusa ɗaya ka gwada a ƙofar shagon kafin ka miƙa kuɗi.

Ni dai in za'a ce in bashi maki a wurin shara tara cikin goma ne, a buɗaɗɗen fili huɗu. Abin da har yanzu nake so in gwada shine na tsakiya, wajen inci 7 ko 8, ga wuraren da sharar ba ta yi yawa ba amma kuma ba tsabta, don kwance faifai da ɗaurawa sau biyu a rana cikin yashi da iska ya ishe ni, na riga na ɓatar da ƙusar robar dake riƙe shi sau ɗaya, da igiyar buhu na ƙarasa ranar.