Ƙaguwa ko hannu: me ya fi maganin gansakuka mai ƙwallaye a tankin murjani?

Malam, ka ce tankinka na ruwan gishiri lita 120 ne, kuma wasu korayen ƙwallaye masu sheƙi kamar 'ya'yan inabi sun fara bin duwatsu da gindin murjani. Wasu sun ce ka sayo koriyar ƙaguwa ta cinye su, wasu sun ce ka cire da hannu. Ga yadda nake ganin hanyoyin biyu.

Abin da ya kama tankinka gansakuka ce ta dangin Valonia. Kowace ƙwallo ƙwayar halitta ɗaya ce tak, kuma irin Valonia ventricosa tana iya kai faɗin santimita 4 zuwa 5. Galibi tana shigowa ne maƙale da dutse ko da ɗan gindin da aka dasa murjani a kai. Idan ta ƙosa ta fashe, abin da ke cikinta yana iya bin ruwa ya tsiro a wani wuri. Kuma tana jure inuwa, shi ya sa za ka same ta a ƙarƙashin dutse da bakin famfo, shi ya sa kuma kashe fitila na 'yan kwanaki ba ya kashe ta.

Ƙaguwar da ake nufi ita ce Mithraculus sculptus, daga tekun Karibiyan. Bakin ƙahonta na kamu shimfiɗaɗɗe ne, tana kankare dutse da shi, kuma lallai tana cin Valonia. Amfaninta babba shi ne tana shiga lungun da yatsanka ba zai kai ba, da dare take kiwo, kai kana barci. Sai dai dabba ce mai zaɓi. Idan ragowar abincin kifi yana zuba mata kullum, ba za ta wahalar da kanta ba. Ƙananan ƙwallaye ta fi kamawa, manyan da suka yi tauri sau da yawa wuce su take yi. Idan kuma ta girma ta ji yunwa, tana iya taɓa murjani mai laushi, wannan ne ya sa masu kiwo da yawa suka fi son mace, don ƙahonta bai kai na namiji girma ba. Za ka gane mace ta faɗin murfin cikinta.

Cirewa da hannu ta fi gajiyarwa, amma a ranar za ka ga sakamako. Duk dutsen da zai ɗagu, fitar da shi zuwa bokitin ruwan tanki, ka sa hantsaki ko bakin ƙaramar wuƙa a gindin ƙwallon ka murɗa a hankali har ta saki, ka goge wurin da buroshin haƙori, ka ɗauraye da ruwan gishiri mai tsabta kafin ka mayar. Ruwan bokitin nan zubar da shi ake yi. Wanda ba zai ɗagu ba, haɗa aikin da ranar canjin ruwa: kashe famfunan da ke kaɗa ruwa, ka riƙe tiyo yana zuƙa daf da wurin, duk wadda ta fashe ruwanta ya bi tiyo ya fita. Ka kankare fatar da ta rage a jikin dutse, domin daga nan take sake tohowa.

Maganar tsoron fasa su ma an zuzuta ta fiye da kima. Ƙaguwar da ake yabo ai fasa su take yi kafin ta ci, ba tare da tiyo a gefenta ba. Wanda ya bar ƙwallaye suna girma don gudun kada ɗaya ta fashe, ya ba su lokacin ƙosawa ne su fashe da kansu.

Saboda haka a tanki irin naka hannu nake gabatarwa, ƙaguwa ta biyo baya. Ka kwashe manyan da kanka, sannan ka sa ƙaguwa ɗaya, ko biyu idan duwatsun suna da yawa, ta riƙa bin ƙananan da ke tsirowa. Kowane mako ka leƙa da tocila, ka cire abin da ta bari.

Za ka ji ana ambaton kifin Siganus vulpinus da Zebrasoma desjardinii, cewa su ma suna ci. Kada ka saya. Na farkon yana wuce santimita 20 kuma ƙayarsa da dafi, na biyun ya fi shi girma, lita 120 ƙunci ne gare su.

Rage abincin da kake zubawa, ka yi amfani da ruwan da aka tace da na'urar RO/DI mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, ka riƙa auna fosfet da naitiret, sinadaran da ke zama taki ga gansakuka. Wannan zai rage saurin yaɗuwar gansakukar, amma kada ka matse sinadaran nan biyu zuwa sifili, murjani ne zai fara shan wahala kafin Valonia. Sabon murjani kuma duba gindinsa da kyau kafin ya shiga ruwa, in da hali ka raba shi da abin da aka dasa shi a kai ka manna shi a sabo.