Sashen Hausa na Muryar Amurka, a kunnen mai sauraro

Gidan rediyon da gwamnati ke biya wa albashi, ni ina auna shi ne a ranar da labari ya taɓa ita gwamnatin. Da wannan ma'aunin na daɗe ina sauraron Sashen Hausa na Muryar Amurka (VOA), wanda ya fara watsa shirye-shirye daga Washington a 1979, kuma a ganina ya fita kunya fiye da yadda masu kushe shi suke so a yarda.

Kafin a dakatar da shirye-shiryensa a 2025, aikin yau da kullum ba shi da wani abin ƙorafi sosai. A lokacin, Shirin Safe da Shirin Hantsi da Shirin Rana da Shirin Dare suna zuwa a kan lokaci, Hausar ma'aikatan tsaftatacciya ce, wakilansu kuma sun bazu a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. Taskar VOA ta talabijin ta fi jan matasa, ni kuwa Domin Iyali na fi ƙauna, saboda yakan tsaya a kan maganar mace ɗaya ko yaro ɗaya da aka zalunta, ya bi ta mako bayan mako. Abin da ban taɓa jin daɗinsa ba shi ne sharhin da ke bayyana ra'ayin gwamnatin Amurka. Yakan zo a bushe, kamar takardar ofis da aka ba mutum ya karanta. Amma ko nan sukan faɗa maka tun farko cewa wannan ra'ayin gwamnati ne, kuma wannan sanarwar tana da daraja a wurina.

Inda gidan ya saye ni shi ne labaran Amurka kanta. Da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a Minneapolis a watan Mayun 2020, an ba da labarin da Hausa, da zanga-zangar da ta biyo baya, da shari'ar da ta kai ɗan sandan gidan yari. Ranar 6 ga Janairun 2021, da magoya bayan shugaban ƙasa mai ci suka kutsa majalisar dokoki don hana tabbatar da sakamakon zaɓe, ba a rufe mana komai ba. Wallahi babu jawabin jakada da ya taɓa gamsar da ni game da dimokuraɗiyyar Amurka kamar jin gidan rediyon gwamnatinta yana tona asirin gidansu. Mutum yakan ce a ransa, lallai akwai wata doka a can da ta fi ƙarfin mai mulki.

Dokar kuwa akwai ta. Muryar Amurka ta soma aiki a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da watsa labarai cikin Jamusanci. A 1976 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan kundin aikinta ya zama doka, kuma abu uku kundin ya ɗora mata. Labaranta su kasance sahihai, ba son kai. Ta wakilci Amurka gaba ɗayanta, kada ta zama bakin wani ɓangare. Ta bayyana manufofin gwamnati a fili, tare da muhawarar da ake yi a kan manufofin. An kuma gina katanga tsakanin jami'an siyasa da ɗakin labarai, don kada wanda aka naɗa daga fadar White House ya ce wa edita ga abin da zai rubuta. Duk ingancin da na yaba a sama daga wannan katangar yake fitowa.

A 2020 ta fara tsagewa. Michael Pack, wanda Shugaba Trump ya naɗa shugaban hukumar da ke kula da gidan, ya soke ƙa'idar da ke fayyace katangar, har sai da wata alƙaliyar kotun tarayya, Beryl Howell, ta hana shi tsoma baki a aikin 'yan jarida. A Janairun 2021 aka ɗauke Patsy Widakuswara daga aikin wakiliyar fadar shugaban ƙasa bayan ta jefa wa sakataren harkokin waje Mike Pompeo tambaya. An mayar da ita bayan canjin gwamnati, shi kuma Pack ya sauka. A lokacin kotu da zaɓe sun gyara ɓarnar, masu sauraro da yawa ma ba su san an yi ba.

Na 2025 kuwa kowa ya ji a jikinsa. Ranar 14 ga Maris Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar zuwa iyakar abin da doka ta wajabta, washegari aka tura ma'aikata kimanin 1,300 hutun dole, Shirin Safe ya yi tsit. Kuɗin gidan majalisar dokoki ce ta ware shi, kuma a watan Afrilu alƙali Royce Lamberth ya ba da umarnin a maido da aikin. Duk da haka, a watannin da suka biyo baya harsuna 'yan kaɗan aka farfaɗo da su, irin su Farisanci da Dari da Pashto, babu Hausa a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. A Afrilun 2024 gwamnatin sojan Burkina Faso ta dakatar da Muryar Amurka da BBC na mako biyu, saboda sun ba da labarin rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da ya zargi sojojin ƙasar da kashe fararen hula 223. Amurka ta yi tir da matakin, kuma ta yi daidai. Shekara ba ta cika ba, sai ga gwamnatin Amurka da hannunta ta yi wa gidan abin da sojojin Wagadugu ba su iya yi ba. Da wane baki jakadanta zai sake zuwa gaban wani shugaban soja ya yi masa maganar 'yancin 'yan jarida? Na san akwai masu cewa dama farfaganda ce, Allah raka taki gona. Ban yarda da su ba, domin mai farfaganda ba ya ba ka labarin Floyd. Su ma Amurkawan da ke cewa kuɗin harajinsu ne kuma suna da ikon tambayar inda yake tafiya, tambayarsu halal ce, sai dai majalisa ce wurin yin ta.

Ga wanda ke neman shawarata, ma'aikatan Sashen Hausa sun cancanci yabo, kuma duk inda ka ji muryar ɗayansu a wata kafa, ka ba shi kunne. Shi gidan kuwa, ranar da ya dawo da Hausa zan kunna, amma zan fara duba abu biyu: ko an maido da katangar tsakanin 'yan siyasa da editoci a rubuce, da kuma yadda za su ba da labarin rufewar da aka yi musu, har da sunayen waɗanda suka ba da umarnin.