Garmin eTrex 10 a yawon neman ɓoyo na Garwa: ta yi, amma ɗaya ta ishe ku

'Yan uwa masu tambaya ta WhatsApp kan 'yar na'urar nan mai ruwan ɗorawa da muke riƙewa in mun fita yawon neman ɓoyo, to ga bayani a dunƙule dan na gaji da amsa wa kowa ɗai-ɗai. Sunanta Garmin eTrex 10, GPS ce ta hannu, wato na'urar da ke nuna maka inda kake da inda za ka, ta fito tun 2011, wato tsohuwa ce, tamu ma okaziyo ce aka kawo mana daga Duwala.

Ga wanda bai san wasan ba, Geocaching ake ce masa. Wani ya ɓoye 'yar roba da takarda a ciki, ya ba da lambobin GPS na wurin, kai kuma ka bi lambobin ka nemo ka sa hannu ka mayar inda ka same ta. A watan Mayu na 2000 aka fara shi a Amurka, bayan gwamnatinsu ta daina dagula siginar GPS wa farar hula, washegari kuwa wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon. Mu a nan ɓoyon da aka sa a shafin intanet na Geocaching bai taka kara ya karya ba, shi ya sa muke ɓoye namu da kanmu, mutum ɗaya ya fita tun jajibiri ya ɓoɓɓoye, safiyar Lahadi a haɗu a raba lambobi.

Abun da ya sa nake yabonta na farko batir ne. Batir biyu ƙanana take ci, irin AA ɗin tocila da ake samu a kowane butik, kamfanin ya ce suna kai awa 25. Ka kwatanta da waya, ka kunna GPS a ranar Garwa ta watan Maris ko Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, kafin hantsi ta ɗau zafi kamar dutsen guga, caji ya tsiyaye, fuskarta ta dushe ba ka ganin komai sai ka shiga gindin dalbejiya, ga shi ƙila daren jiya ba wuta balle ka cika ta. Ita wannan fuskarta baƙi da fari ce, 'yar ƙarama inci 2.2, amma rana na ƙwallewa tana ƙara fitowa sarai. Ba ruwanta da rezo ko kredi, kai tsaye take karɓar sigina daga tauraron ɗan adam, na Amurka da kuma GLONASS na Rasha, ko ka wuce Pitowa ka nufi gindin dutsen Tingelin tana aiki. Ruwan sama ma ba ya mata komai.

Sai dai taswirar cikinta wlh ba a magana, manyan hanyoyi ne kawai da ɗigon gari, kar ka sa ran ganin lungunan Yelwa ko Pumpumre, kuma ba ta da wurin sa memori balle ka ƙara wata. Kibiya take nuna maka da yawan mitocin da suka rage, shi ke nan, in kibiyar ta nuna tsakiyar Binuwai kai za ka yi hankalin zagayawa ta gada, dorinar ruwa ba ta san wasa ba. Shigar da lambobi da ɗan maɓallin nan nata da ake juyawa da babban yatsa kuwa sai mai haƙuri, gara ka jona ta da kwamfuta ka zuba fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da lambobin, gaba ɗaya. Kompas ɗinta ma sai kana tafiya yake daidai, ka tsaya cak kibiya ta rikice.

Inda mai shirya haɗuwa ya kamata ya buɗe ido shi ne tsarin rubuta lambobin, nan ne ake ɓata. Garwa tana wajen digiri 9 da minti 18 arewa, wanda a tsarin ɗigo irin na Google Maps yake zama 9.30. To in wani ya ga 9.30 ya shigar a matsayin digiri 9 da minti 30, ya ƙara minti 12 ke nan, kowane minti kuwa ya kusa kilomita 2, sai ka ji shi can kilomita 22 arewa da jama'a yana ta rigima da mai moto kan kuɗin mai. Ku tsaya a tsari guda, digiri da minti mai ɗigo, a saita na'urar a kan tsarin taswira na WGS 84, a karanta wa kowa da baki kafin a watse daga wajen mai shayi.

Kuma na'ura ba za ta je maka gaisuwa wurin jauro, wato mai unguwa, ba. Mutane takwas suna leƙa gindin bishiya a bayan gari da wani abu mai kama da rediyon soja a hannu, ai dole a yi zargin ko asiri ake binnewa ko abun da ya fi haka, musamman yadda tsaro yake a arewa yanzu. Mu kan fara sanar da jauro ko lawan, mu nuna masa robar a buɗe. Kusa da bariki, filin jirgi ko gada, a'a sam. Dokar wasan ma ta hana tona rami a binne, kuma tsakanin ɓoyo da ɓoyo a bar mita 161. In kuna son sa taronku a shafin Geocaching sai kun tura aƙalla kwana 14 kafin ranar.

Shin a saya? In ƙungiya ce, eh, ku yi karo-karo ku sayi ɗaya ta zauna hannun mai ɓoyewa, saboda in lambobinsa suka yi kyau na kowa sun yi. Sauran su sauke manhajar wasan mai suna c:geo a wayar Android, kyauta ce kuma tana aiki da taswirar da aka ajiye ba intanet. Mai hali ya duba eTrex SE ta 2023, batirinta ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. In okaziyo za ka saya, buɗe murfin baya ka duba ko batir ya taɓa zuba ya ci ƙarfen, sannan ka fita waje ka ga ta kama tauraro kafin ka miƙa sefa ko ɗaya.